Da ɗan gari akan ci gari: amsa ga mai shirin kai mahaifiyarsa Istanbul

Wani matashi ɗan kasuwa daga nan Katsina ya aiko mini da wannan tambaya:

"Kawu, barka da yamma. Ina sayar da dogayen rigunan mata da takalma a babbar kasuwa. Wata mai zuwa zan je Istanbul sarin kaya karo na farko, kuma da Hajiya mahaifiyata zan tafi, don ta daɗe tana burin ziyartar kabarin Abu Ayyuba. Bayan sari muna da kwana uku na yawo. Na samu wani ɗan jagora a intanet, yana jin Larabci da Turanci, mutane da yawa sun yaba masa, amma ya rubuta cewa yana maraba da masu neman jinsi ɗaya. Abokina ya ce in yi nesa da shi. Shin ma dole ne sai da ɗan jagora? In dole ne, shi wannan fa? Kuma ina da ina ya kamata mu je?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka kamar yadda kake yi wa Hajiya. Na daɗe a harkar tikiti da rakiyar matafiya, kuma Istanbul na cikin garuruwan da ƙafata ta fi sani, don haka zan ba ka amsar yadda zan ba ɗan cikina.

Ɗan jagora ba dole ba ne a duka kwana ukun. Kwana ɗaya dole ne, na biyu in aljihu ya yarda, na uku kuwa ka bar kuɗinka. Ka tuna baƙon da ya zo Katsina aka sauke shi gaban Hasumiyar Gobarau ba kowa tare da shi. Zai ga dogon ginin ƙasa, ya ɗauki hoto, minti biyar ya gama. Ko wanda ya je Kusugu a Daura: rijiya ce cikin ɗaki, ga guga, shi ke nan. Sai an samu mai ba shi labarin Daurama da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da zuwan Bayajidda, sannan rijiyar ta zama abin kallo. To Istanbul gari ne mai mutum sama da miliyan 15, wani sashensa a Turai wani a Asiya, kuma an yi fiye da shekara 1,500 yana fadar sarakuna, na Rumawa sannan na Turkawa. Kowane dutse da labarinsa, kuma allunan bayanin da Turkanci da Turanci suke. Hajiya ba za ta ƙaru da su ba sai an samu mai faɗa maka, kai kuma ka juya mata da Hausa.

Ga ƙaramin misali na yadda gari ke wasa da baƙo. A layin jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1 akwai tasha mai suna Topkapi. Duk baƙon da ya ga sunan sai ya ɗauka nan ne fadar Topkapi. Ba nan ba ce. Wannan tasha tana can bakin ganuwa, nesa da fadar. Mai zuwa fada a Gulhane ko Sultanahmet yake sauka. Na taɓa ganin Bahaushen da wannan kuskure ya cinye wa rabin yini.

Sai maganar da ta fi damun ka. A harkar yawon buɗe ido, wannan rubutu da ka gani tambari ne na kasuwa, kamar yadda otal ke rubuta cewa abincinsa halal ne, ko yana karɓar masu ƙananan yara, ko akwai hanyar keken guragu. Ma'anarsa ita ce in irin waɗannan mutane suka zo masa a matsayin baƙi ba zai kore su ba, ba zai ci zarafinsu ba, ba zai tona su ba. Rubutun bai faɗa maka komai a kan rayuwar shi ɗan jagoran ba. Da yawa daga masu sa shi magidanta ne da mata da 'ya'ya. Kuma ba gayyata ba ce zuwa wani wuri. Ɗan jagora inda ka ce nan yake kai ka, kai ke biya, kai ke tsara tafiya. Dalilin da ya sa suke rubutawa shi ne baƙinsu daga ko'ina cikin duniya suke zuwa, kuma dokar can ba irin tamu ba ce. A nan Nijeriya akwai dokar haramta auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a Janairun 2014, ga kuma shari'a a Katsina tun 2000. A Turkiyya dokar ƙasa ba ta sa abin cikin laifuka ba, amma jama'a da dama ba su yarda da shi ba, kuma tun 2015 hukuma ke hana gangamin da suke yi duk shekara a Istanbul. Shi ya sa irin waɗannan matafiya ke neman wanda za su saki jiki da shi, shi kuma mai sana'a ya rubuta don su gan shi.

Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake ba ka ba, kuma ni da kai mun san abin da aka karantar da mu. In zuciyarka ba ta kwanta ba, 'yan jagora a Istanbul ba su ƙarewa, ka nemi wani, ba wanda zai tuhume ka. Sai dai kada ka ɗauka rashin wannan rubutu shaida ce ta amana. Mafi munin ɗan jagoran da na taɓa haɗuwa da shi a garin, carbi ne a hannunsa, kowace jimla sai ya ce mashallah. Shi ne ya kwashe mu mu tara ya kai mu shagon dardumar abokinsa, aka zaunar da mu ana ta zuba shayi ana shimfiɗa kaya, har la'asar ta kusa kuɓuce mana, fadar da muka biya kuɗi don gani kuma aka rufe. Wanda kuma na fi jin daɗin aiki da shi yana da irin wannan rubutu da kake magana. Shi ne ya riƙe takalman wata dattijuwa cikin ayarinmu a ƙofar masallaci har ta idar da nafilfilinta, ya nemo mata kujera, bai taɓa tambayar kowa cikinmu abin da bai shafe shi ba. Da na lura, horon duk ɗaya ne. Mutumin da ya saba rufa wa baƙo asiri, ya saba kame bakinsa da idonsa, haka zai yi wa Hajiya in ta gaji ta zauna a bakin hanya, ko kai in aka ga ba ka iya cin abinci da cokali mai yatsu ba. Mu ma ai da "baƙonka annabinka" aka raine mu.

Abin da za ka bincika na gaskiya shi ne lasisi. A Turkiyya jagorancin baƙi sana'a ce mai doka, dokar 2012 ce ke tafiyar da ita, kuma duk mai izini yana rataye da kati a wuya wanda suke kira kokart, da hotonsa da harsunan da aka yarda ya yi aiki da su. Ka ce ya turo maka hoton katin ta WhatsApp, ka duba ko Larabci ko Turancin da ya ce yana ji na ciki. Sannan ku yi magana da murya, ba rubutu kaɗai ba, don ka ji ko kana gane Turancinsa, shi ma yana gane naka. Ku yanke awa nawa, kuɗi nawa, da wane kuɗi za a biya, lira ko yuro ko dala, da kuma ko kuɗin shiga wurare da na mota na ciki. Ka ajiye wannan a rubuce. Sai ka faɗa masa abu uku tun kafin ku haɗu: akwai tsohuwa, za a tsaya kowace sallah, kuma ba shiga shago sai ka nema. Na ukun nan shi ne gwajin. Suna da kalma, hanut, la'adar da mai shago ke ba wanda ya kawo masa mai saye. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ɗan kamasho, ka kuma san daga aljihun wa ladansa ke fita. In ka ga farashin ɗan jagora ya yi araha fiye da kima, to a shago yake shirin cike gurbin. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ranar da za ka ɗauke shi, ku yi unguwar Sultanahmet, kuma kada ta zama Talata, don ranar fadar Topkapi a rufe take. Ku fara da fadar da zarar an buɗe da safe, kafin ayarin baƙi su cika ta. Sultan Muhammadu Alfatih ne ya gina ta bayan ya ci garin a 1453, sarakunan Turkawa suka zauna cikinta kusan shekara 400, sai a 1856 suka koma sabuwar fada ta Dolmabahce. Fadar tana da faɗi, tsakar gida huɗu a jere, kada ka yi ƙoƙarin ganin komai da Hajiya. Ka ce masa ya wuce da ku tsakar gida ta uku, ɗakin kayan amana. Nan ne aka ajiye kayan da aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517: akwatin zinariya mai ɗauke da mayafin da ake danganta wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, takubban da ake danganta masa da na sahabbai, makullan Ka'aba, tsofaffin indararon Ka'aba, har da sandar da aka ce ta Annabi Musa ce. A gefe akwai alaramma yana karatun Alƙur'ani, ana canjin su. Yawancin dattawanmu a nan hawaye ke zubo musu. A nan kuma za ka gane ɗan jagoran ƙwarai, don zai bambance maka abin da tarihinsa ke da ƙarfi da abin da "an ce" ne kawai. Wanda ya rantse maka a kan kowane abu, yana neman burge ka ne.

Ka tambaye shi labarin Barno ma, ka gani ko ya sani. A shekarun 1570 Mai Idris Alooma ya aika jakadu wurin Sultan Murad na uku, aka yi musayar wasiƙu, kuma Barno ta yi amfani da 'yan bindiga Turkawa. Kakanninmu sun san garin nan, Santambul suke ce masa. Sai dai ka kiyaye da sunan Daular Usmaniyya in kana fassara wa Hajiya, kada ta ɗauka ta Shehu ake nufi. Tasu daga wani Usman ɗin daban ta samo suna, wanda ya rigayi Shehu da kusan shekara 500.

Daga fada zuwa masallacin Ayasofiya taku kaɗan ne. Ku daidaita isarku da azahar. An gama ginin a 537, zamanin Sarki Jastiniyan, kafin haihuwar Manzon Allah ke nan, kuma coci ce ta fi shekara 900. Alfatih ya mai da ita masallaci a 1453, gwamnatin Ataturk ta mai da ita gidan tarihi a 1934, aka sake mai da ita masallaci a Yulin 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai kallo yana biyan kuɗi, yuro 25 aka sa a lokacin, ya hau bene ta wata ƙofa daban. Mai sallah kuwa ba ya biyan ko sisi, ƙasa yake shiga. Shawarata ku shiga a matsayin masallata, benen ba na gwiwar Hajiya ba ne. In kun idar, ka ɗaga kai. Ƙubbar ta kai kusan mita 55 daga ƙasa. Za ka ga manyan faifai takwas rataye da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Ka kuma lura mihrabin bai zauna daidai tsakiya ba, ya ɗan karkace dama, saboda ginin ba don alƙibla aka yi shi ba. A samansa akwai zanen Nana Maryamu da Annabi Isa na zamanin coci, an sa labule a gabansa. Ka sanar da Hajiya wannan tun a waje don kada abin ya zo mata ba shiri.

Masallacin Sultan Ahmad yana fuskantarta, fili ne kawai tsakaninsu. An fara shi a 1609, hasumiya shida gare shi, cikinsa an lulluɓe da tayil sama da 20,000, yawanci masu shuɗi. Yana da kyau, ku yi la'asar a can. Akwai kuma tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 a kusa, Yerebatan, amma matakala ce da danshi da duhu. In Hajiya ta gaji ku bar ta, ba asara.

Kwana na biyu na Hajiya ne. Daga unguwar Eminonu akwai jirgin ƙasa T5 da ke bin bakin ruwa har Eyupsultan, haka suke rubuta sunan unguwar. Abu Ayyuba, sunansa na yanka Halidu ɗan Zaidu, shi ne wanda raƙumar Manzon Allah ta durƙusa kusa da gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi wata bakwai. Da tsufansa ya bi rundunar da aka tura yaƙin wannan gari zamanin Mu'awiya, ciwo ya kama shi, ya yi wasiyya a kai gawarsa iyakar inda za a iya kaiwa cikin ƙasar abokan gaba. Aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan kusan shekara 800, da aka ci garin, malamin Alfatih mai suna Akshamsuddin ya nuna wurin, aka gina hubbare da masallaci a 1458. A zamanin daular, a nan ake ɗaura wa sabon sultan takobi in ya hau gado, kamar dai yadda ake ba sarki sanda a wurinmu. In za ku iya, ku kwana da shirin sallar asuba a can. Cika yake yi, musamman Juma'a da Lahadi, kuma natsuwar wurin a wannan lokaci ba ta da kama. Da rana za ku ga yara maza cikin fararen kaya da alkyabba da hula mai gashin tsuntsu kamar 'ya'yan sarki, iyaye na biye. Waɗanda za a yi wa kaciya ne ake kawowa ziyara. Kada ka gaggauta Hajiya a nan. Don wannan ta zo, ko awa uku ta so ku zauna.

Kada sallarsu ta ba ku mamaki. Hanafawa ne. Bayan sallama ladan ne ke jan tasbihi da murya, kowa na biye, wutirinsu raka'a uku ne a haɗe. In ka saki hannu wani zai iya kallon ka, ba abin da zai ce. Ana ɗaukar takalmi a leda a shiga da shi, sashen mata yana baya ko a gefe, kuma akwai 'yan kujeru na tsofaffi. Famfunan alwala a waje suke, ruwan kuwa in lokacin sanyi ne kamar ƙanƙara. Hajiya ta riƙa yin alwala daga masauki. Sanyinsu daga Nuwamba zuwa Maris ya wuce hunturunmu, ga ruwan sama a kai, sai da rigar sanyi mai kauri da safa.

Da yamma, in da sauran ƙarfi, ku ɗauki tasi zuwa Sulaimaniyya, kada ku hau tudun da ƙafa. Ni a wurina ya fi duk masallatan garin. Magini Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman shi daga 1550 zuwa 1557, ba cunkoso kamar Sultanahmet, kuma daga farfajiyarsa ta baya ana hango ruwa da jirage da hasumiyar Galata. Kabarin Sulaiman da na matarsa Hurram suna nan, na Sinan kuma ɗan ƙarami a kusurwar titi, kamar ba shi ya yi aikin ba.

Babbar kasuwarsu mai rufi, Kapalicarshi, shago kusan 4,000 ne, ba ta ci ranar Lahadi. Ka shiga don kallo, amma ba wurin sarinka ba ne, farashin baƙi ake yi. Sari yana Laleli da Merter da Osmanbey, masu aiko da kaya Afirka kuma suna wajen Aksaray, inda za ka ji ana Hausa ma. A nan ɗan jagoran tarihi ba shi da amfani gare ka, ɗan'uwa ɗan kasuwa da ya riga ka zuwa ya fi shi. Tsarabar Hajiya kuwa, su alewar lokum da busasshen ɓaure da kayan ƙamshi, shagunan da ke kewaye da Kasuwar Masar a Eminonu sun fi na cikinta sauƙi.

Kwana na uku ku biyu kawai. Ka sayi katin Istanbulkart ka zuba masa kuɗi, da shi ake hawa jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa, kuma kati ɗaya zai ishe ku, ka taɓa sau biyu. Ku hau jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar. Cikin kamar minti ashirin kun bar Turai kun shiga Asiya. Za a zagayo da shayi cikin ƙananan kofunan gilashi, baƙi ne ba madara, ku haɗa da simit, burodi mai zobe da aka barbaɗe da riɗi. Uskudar unguwa ce ta masallatai da dattawa, Hajiya za ta ji kamar gida. Masu tare hanya suna tallar "yawon Bosforus" da tsada, kada ka kula su, Bosforus ɗin shi ne wannan ruwan da kuka tsallaka tsakanin Turai da Asiya. In abincinsu bai karɓe ta ba, don ba su da yaji, ka nemar mata miyar marjimak, ta wani ɗan mitsitsin wake ja, da shinkafa da kaza. Ku tafi da garin yajinku daga gida, ni ban taɓa tafiya ba shi ba.

Abu biyu ka kiyaye in kana tafe kai kaɗai. Mai shushaina zai wuce ta gabanka ya yar da buroshi kamar bai sani ba. In ka ɗauka ka miƙa masa, sai ya ce zai goge maka takalmi don godiya, daga baya ya tsaya kai da fata sai ka biya. Ka wuce abinka. Na biyu ya fi haɗari: wajen Taksim da titin Istiklal, wani mai fara'a zai tare ka, wataƙila da Larabci, ya ce shi ma baƙo ne, ku je ku sha wani abu. Inda zai kai ka, takardar kuɗin da za a kawo ta isa ta cinye rabin jarinka, ga ƙarti a bakin ƙofa. A tasi kuma ka tabbata an kunna mita, ka faɗi adadin takardar kuɗin da kake miƙawa da baki kafin ka sake ta.

Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ka gyara na Hajiya tun a jirgi saboda lokacin shan maganinta. Ka sa katin otal mai adireshi cikin jakarta, da lambarka a rubuce da manyan baƙaƙe, don in cunkoson Eyupsultan ya raba ku, sashen mata daban yake kuma ba za ka iya shiga neman ta ba. Ku yanke wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, gindin babbar bishiyar da ke tsakar gidan tsakanin masallaci da hubbaren ya fi sauƙin ganewa. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a in ta isa.